Idan aka harba makamin nukiliya a yaƙi, me zai biyo baya?

Tambaya: Malam, tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke nake jin ana ambaton makamin nukiliya, har wasu na cewa akwai ƙanana da za a iya harbawa a fagen daga kawai. Shin ba bam ba ne irin sauran, illa dai ya fi su girma? Me zai faru a zahiri idan aka yi amfani da shi? Mu kuma da muke nesa da masu shi, mene ne namu a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Aikina shi ne lissafin tururin radiyeshin da ake haska wa masu ciwon daji a asibiti, saboda haka ta fuskar jikin ɗan Adam zan fi ba ka amsa, kafin in taɓa siyasa.

A'a, bambancin ba a girma kaɗai yake ba. A daren 9 ga Maris na 1945 jiragen Amurka kusan 300 sun yi wa birnin Tokyo ruwan bama-baman wuta, mutum kimanin 100,000 suka hallaka kafin gari ya waye. Ka ga ke nan bam na gargajiya ma yana iya kashe jama'a masu yawa. Abin da ya ware makamin nukiliya daban shi ne yana kashe mai rauni da mai ceto a lokaci guda, yana ci gaba da kisa bayan an ajiye makamai, kuma ɓarnarsa ba ta tsayawa a kan iyakar ƙasashen da ke faɗa. Sau biyu kacal aka taɓa amfani da shi a yaƙi, duka a Japan, duka a watan Agusta na 1945, kuma daga nan ne muka samo mafi yawan abin da muka sani tabbas.

Ranar 6 ga Agusta, da ƙarfe 8:15 na safe, jirgi guda ɗaya ya saki bam guda ɗaya a kan Hiroshima. Bam ɗin bai taɓa ƙasa ba, ya tashi ne a sama, kimanin mita 600 daga rufin gidaje, kuma da gangan aka tsara haka don ɓarnar ta fi faɗi. Yuraniyom ɗin da ke cikinsa kilo 64 ne, amma wanda ya tarwatse bai kai kilo ɗaya ba. Wannan ɗan abin ya ba da ƙarfin nakiya tan 15,000. Abu na farko da ya iso shi ne haske da zafi. A ƙasan wurin da ya tashi zafin ya kai digiri 3,000 zuwa 4,000, alhali ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. Waɗanda ke fili a nan kusa ba su ma san abin da ya faru ba. Waɗanda ke nesa da kilomita biyu ko uku kuwa, duk inda fata take a buɗe ta ƙone, har akwai matan da zanen tufafinsu ya fito a jikinsu, domin baƙin zare ya fi farin shan zafi. Bayan daƙiƙu kaɗan sai bugun iska ya biyo, ya kwantar da kusan duk gidan katako da ke cikin kilomita biyu, ya mai da gilashin tagogi harsasai. Sa'annan wuta ta kama ta ko'ina: murhun karin kumallo da ya kife, wayoyin lantarki, katakon da ya riga ya ɗauki zafi. Wutar ta haɗe ta zama guguwa mai zuƙo iska daga kowane ɓangare, ta cinye fili sama da murabba'in kilomita 11. Mutane da yawa da ginin ya danne da ransu, wutar ce ta same su a wurin, 'yan'uwansu na ji suna gani ba yadda za su yi.

A safiyar nan an fito da ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 aikin rushe gidaje don buɗe hanyoyin tare gobara. Sama da 6,000 daga cikinsu ba su koma gida ba. Akwai kuma dubban 'yan Koriya da Japan ta kawo aikin dole, su ma suka mutu tare da waɗanda suka bautar da su. Zuwa ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu daga cikin kimanin 350,000 da ke garin. A Nagasaki, ranar 9 ga Agusta, bam ɗin ya fi ƙarfi, tan 21,000, amma duwatsu sun tare wani sashe na garin, mamatan suka kai kimanin 74,000. Ba ma Nagasaki aka nufa da farko ba. Garin Kokura aka dosa, hayaƙi da gajimare suka rufe ta, matuƙin ya juya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani, domin nan ne zuciyar amsar. A kowane irin bala'i da muka sani, ko ambaliya ce ko harin bam a kasuwa, akwai wanda abin ya shafa, akwai kuma wanda zai kawo ɗauki. Asibiti yana nan, motar ɗaukar marasa lafiya tana nan, 'yan kwana-kwana suna nan. A Hiroshima likitoci kusan 300 ne, kashi 90 cikin 100 sun mutu ko sun jikkata. Ma'aikatan jinya 1,780 ne, 1,654 sun mutu ko sun jikkata. Asibitoci 45 ne, 42 sun daina aiki. A Nagasaki kwalejin koyon likitanci da asibitinta suna kusa da tsakiyar wurin, malamai da ma'aikata da ɗalibai kusan 900 suka rasu. Ba tsautsayi ne ya sa haka ba. Manyan asibitoci a tsakiyar gari ake gina su, tsakiyar gari kuwa ita ake auna wa. Likitan ƙungiyar agaji ta Red Cross, Marcel Junod, ya isa Hiroshima da tan 15 na magunguna ranar 8 ga Satumba, wato bayan wata guda cur. Kafin nan mutane suna shafa wa ƙuna man girki da abin da ya samu, tsutsa tana fita a miki.

Kada ka ce ai wancan zamani ne. Mai ƙuna mai tsanani guda ɗaya yana buƙatar ledojin ruwa masu yawa a kwana na farko, da jini, da ɗaki mai tsafta, da tiyata sau da dama, da ma'aikata masu kula da shi dare da rana. Amurka duk arzikinta gadajen da ta keɓe wa masu ƙuna kimanin 2,000 ne a faɗin ƙasar. Bam guda a kan babban birni zai iya samar da masu ƙuna dubu goma-goma cikin minti ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana faɗa a fili cewa babu wata ƙasa ko ƙungiya da ke da tanadin da zai iya da wannan. Wannan maganar ta fito ne daga waɗanda aikinsu shiga fagen yaƙi, ba daga matsorata ba.

Sai kuma abin da babu shi a kowane bam, wato radiyeshin. A asibiti muna auna shi da ma'aunin da ake kira gire. Mai ciwon daji yana iya karɓar gire 60 ko 70, amma a kan ƙarin kaɗai, gire biyu a rana, tsawon makonni shida ko bakwai, muna kare sauran jiki gwargwadon iko. Idan kuwa jiki gaba ɗaya ya sha gire huɗu ko biyar a lokaci guda, rabin mutanen za su mutu cikin wata ɗaya zuwa biyu in babu kulawa ta musamman. Ba a ganinsa, ba a jin ƙanshinsa, ba ya zafi lokacin da yake ratsa ka. Yana lalata sassan jiki da ke sabunta kansu kullum, musamman ɓargo, inda ake ƙera jini, da bangon hanji. Mutum zai yi amai da gudawa kwana ɗaya ko biyu, sai ya ji sauƙi, ya tashi yana neman 'yan'uwansa a cikin toka, kowa na yi masa barka. Bayan mako biyu sai gashi ya fara zuba, dasashi ya fara jini, ɗigo-ɗigon shuɗi ya fito a fata, zazzaɓi ya rufe shi. Fararen ƙwayoyin jininsa sun ƙare, ƙaramin ciwo ya isa ya tafi da shi. Likitocin Hiroshima da suka rage ba su san wannan cuta ba, wasu sun ɗauka annobar atini ce ta ɓarke. A ranar bam ɗin kuma an yi baƙin ruwan sama mai danƙo a arewa maso yammacin garin, masu ƙuna da ƙishirwa ta addaba suka buɗe baki suka sha, ba su san cike yake da burbushin nukiliya ba.

Bayan shekara biyu zuwa uku sankarar jini ta fara bayyana, ta kai ƙololuwa a farkon shekarun 1950, kuma ta fi kama waɗanda suke yara lokacin harin. Sadako Sasaki tana da shekara biyu aka jefa bam ɗin, ta tashi lafiya lau har tana tseren gudu a makaranta, ta rasu a 1955 tana da shekara 12. Sauran nau'o'in ciwon daji, na nono da huhu da ciki da maƙogwaro, sun biyo baya bayan shekara goma zuwa sama, har yau kuma ana ganin ƙarinsu a tsofaffin da suka rage. 'Ya'yan da ke cikin ciki, musamman tsakanin mako na 8 da na 15, an haifi wasunsu da ƙaramin kai da tawayar ƙwaƙwalwa. Ga yanar ido, ga tabon ƙuna mai kumburi da ke ɗaure gaɓa. Ga kuma ƙyama: budurwa takan ɓoye cewa tana Hiroshima ranar, don kada a fasa aurenta.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata in faɗa maka don kada tsoro ya wuce gaskiya. Tun 1950 ake bibiyar lafiyar mutum kimanin 120,000 a garuruwan biyu, kuma binciken ya nuna ƙarin ciwon daji tabbatacce ne, amma mafi yawan waɗanda suka tsira ba shi ne ajalinsu ba. Haka nan ba a ga ƙarin nakasa ta gado a 'ya'yan da aka yi cikinsu bayan harin ba, duk da cewa mutane da yawa sun ɗauka haka ne. Na biyu, Hiroshima a yau birni ne mai mutum sama da miliyan ɗaya, radiyeshin ɗinsa daidai yake da na kowane gari. Sai dai ka lura da dalilin farfaɗowarsa. Bam ɗin ƙarami ne, a sama ya tashi, bai kwashi ƙasa ba. Yaƙin ya ƙare bayan kwana tara. Sauran duniya tana tsaye, akwai inda abinci da magani da katako za su fito. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya lamunce maka a yaƙi na gaba.

Idan aka nufi sansanin da ke ƙarƙashin ƙasa ko rumbun makamai masu linzami, a ƙasa ake tayar da bam. Nan sai ya zuƙi dubban tan na ƙasa, ya gauraya ta da guba, iska ta ɗauka ta je ta zubar a inda ta ga dama. An ga haka a gwajin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik ranar 1 ga Maris 1954. An yi tsammanin ƙarfin tan miliyan 6, ya ba da miliyan 15, wato ninkin na Hiroshima sau dubu. Farar toka ta zuba a tsibirin Rongelap mai nisan kilomita kusan 150, yara suka yi ta wasa da ita. Mafi yawan waɗanda ba su kai shekara goma ba sun samu ciwon ƙullutun maƙogwaro da ake kira thyroid daga baya, domin sinadarin aidin mai guba a nan yake taruwa. Tokar ta kuma sauka a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, dukansu suka kwanta, ɗaya ya rasu. Shi aidin ɗin yana raguwa da rabi duk kwana takwas. Amma sinadaran siziyom da sitirontiyom sai sun yi kimanin shekara 30 kafin su ragu da rabi, suna shiga ciyawa, su shiga nono, sitirontiyom kuma ya zauna a ƙashin yaro.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, mai ƙarfin kimanin tan 70,000, a lokacin da iska ke busowa daga Sahara zuwa ƙasashenmu. Taswirar sojan Faransa da aka fitar a 2014 ta nuna burbushin ya ratsa yankin Sahel, ya kai birnin da yanzu ake kira Njamena, ya bazu a Afirka ta Yamma. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana. Bayan gwaji na uku, a Janairun 1961, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Najeriya, alhali ƙasar tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Gwaji 17 Faransa ta yi a Aljeriya zuwa 1966, kuma har gobe mutanen yankin suna neman a share musu ƙasarsu. Shi ma yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bama-bamanta na farko da shi, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka kwaso shi.

Mu koma kan maganar ƙananan. A yau ƙasashe tara ne ke da makamin: Amurka, Rasha, Sin, Faransa, Birtaniya, Indiya, Pakistan, Isra'ila da Koriya ta Arewa, jimilla sama da 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Kan bam guda da jirgin yaƙi mai nutso na Amurka ke ɗauka galibi yana da ƙarfin tan 90,000 zuwa sama da 450,000, kuma makami mai linzami ɗaya yana ɗaukar da dama. A kan wannan sikelin ne ake kiran wasu ƙanana. Da yawa daga cikinsu sun kai na Hiroshima, wasu sun ninka shi. Mafi ƙanƙanta kuwa, ka tuna fashewar tashar jiragen ruwan Beirut ta 4 ga Agusta 2020, wadda aka ƙiyasta ƙarfinta tsakanin tan 500 zuwa 1,100. Ta kashe sama da mutum 200, ta raba kimanin 300,000 da gidajensu, ta lalata asibitoci, kuma babu radiyeshin a cikinta.

Amma ni ba ƙarfin na farkon ne ya fi tayar mini da hankali ba, na biyun ne. Ƙasar da aka harba wa tana da zaɓi biyu, ta haɗiye ko ta rama, kuma dukan tsarin sojanta an gina shi ne a kan ramawa. Makami mai linzami daga Rasha zuwa Amurka kimanin minti 30 yake yi. Tsakanin Indiya da Pakistan, waɗanda suka gwabza a Kargil da ke yankin Kashmir a 1999 kuma suka sake musayar wuta a Mayun 2025, mintuna kaɗan ne. A cikin wannan ɗan lokaci shugaba zai yanke hukunci, da bayanan da ba su cika ba, wataƙila an katse masa hanyoyin sadarwa, domin bam da aka tayar can sama yana ƙona kayan lantarki: gwajin Amurka na Yulin 1962 ya kashe fitilun titi a Hawaii mai nisan kilomita kusan 1,400. Na'urar hango makamai ba ta gaya maka ko abin da ke tahowa ƙarami ne ko babba. Kuma kana sane cewa in ka jira, ana iya rusa naka makaman a ƙasa. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun kwaikwayi irin wannan yaƙi a 2019, wanda ya faro da harbin gargaɗi guda a Turai, lissafinsu ya ba da mutum sama da miliyan 90 matattu da masu rauni cikin sa'o'i kaɗan. Babu wanda ya taɓa gwada tsayar da yaƙin nukiliya a tsakiya, saboda haka duk janar ɗin da ya ce maka ya san yadda za a yi, zato yake yi da rayukan mutane.

Ko ba da niyya ba ma an sha kusantar ramin. Ranar 27 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin Amurka da Tarayyar Sobiyet kan makaman da aka girke a Kyuba, kwamandan wani jirgin nutso na Tarayyar Sobiyet ya ɗauka yaƙi ya fara, ya so ya harba makamin nukiliya, wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi amincewa. Ranar 26 ga Satumba 1983 kwamfutar Sobiyet ta nuna makamai biyar na tahowa daga Amurka, Laftanar Kanar Stanislav Petrov ya ce ƙarya take yi. Ashe hasken rana ne ya haska gajimare.

To, mene ne namu a ciki? Babu alamar wani ya auna makaminsa kan Kano ko Maraɗi. Ta hanyar abinci abin zai zo mana. Idan birane da yawa suka kama da wuta lokaci guda, baƙin hayaƙinsu yana hawa sama, ya wuce inda ruwan sama ke wanke iska, ya yi shekaru yana tare hasken rana. Ka san yadda rana ke dusashewa a ranar da hazon hunturu ya yi kauri, har ka iya kallonta ido da ido. Ka ƙaddara haka a duniya baki ɗaya, ba na mako guda ba, na shekaru, har da tsakiyar damina. Masana irin su Paul Crutzen da Carl Sagan ne suka fara jan hankali a kai a farkon shekarun 1980, masanan Sobiyet suka yi nasu lissafin suka samu abu iri ɗaya. Tarihi ma ya ba da misali: dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, zafin duniya ya ragu da ƙasa da digiri ɗaya, amma a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka, aka yi yunwa.

Wani bincike da masana a Jami'ar Rutgers suka jagoranta, wanda ya fito a 2022, ya lissafa cewa hayaƙi tan miliyan 5, daga ƙaramin yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, zai rage abincin duniya da kashi 7 cikin 100. Idan yaƙin nasu ya yi girma, yunwa na iya kashe sama da mutum biliyan 2. Na Amurka da Rasha kuwa, sama da biliyan 5. Lissafin kwamfuta ne, kuma akwai masana, ciki har da na cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, da ke ganin hayaƙin da zai hau sama bai kai haka ba. Muhawarar tana kan yawan hayaƙin ne, ba kan abin da zai yi in ya hau ba. Ga mu 'yan Sahel akwai ƙarin damuwa. Daminarmu tana zuwa ne saboda ɓangaren arewa na duniya yana ɗumama a bazara, ya jawo iska mai laima daga teku. Idan arewa ta yi sanyi, layin ruwan yana komawa kudu. Masana da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta ba. Manomin gero da ke da kwana casa'in na ruwa ba shi da rarar da zai yi asara.

Tun ma kafin hayaƙi, kasuwa za ta riga shi isowa. A 2022 ba a harba nukiliya ba, tashoshin ruwan Bahar Aswad kawai aka toshe, amma ka ga yadda kuɗin fulawa da burodi da takin zamani suka tashi a nan. Yaƙin nukiliya zai tsayar da jiragen ruwa da bankuna, kowace ƙasa mai rarar hatsi za ta kulle rumbunta, magunguna da alluran rigakafi da yawancinsu daga Indiya da Sin da Turai muke sayowa za su yanke. Ƙungiyoyin agajin da muka saba gani a lokacin fari, ƙasashen da ke ba su kuɗi su ne za su kasance cikin toka.

Ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko neman abinci a waɗannan ƙasashe, akwai abin da ke da amfani a sani. Wanda ya tsira daga fashewar ya shiga gini mai kauri, tsakiyarsa ko ƙarƙashinsa, ya tuɓe tufafin waje, ya wanke jiki, ya zauna aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙarfin burbushin yana sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma bayan awa bakwai, zuwa ɗaya cikin ɗari bayan kwana biyu. Ƙwayar aidin da ake rububi maƙogwaro kaɗai take karewa, ba rigakafin radiyeshin ba ce.

Za ka ji masu cewa bam ɗin ne ya kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya ceci rayukan da za a rasa wajen mamaye Japan, kuma tsoronsa ne ya hana manyan ƙasashe gwabzawa tun daga lokacin. Ba magana ce ta banza ba, akwai masana tarihi na ƙwarai da ke kanta, kamar yadda akwai masu ganin shigar Tarayyar Sobiyet yaƙin ranar 8 ga Agusta ta yi tasiri daidai da bam ɗin ko fiye. Nawa ganin shi ne, ko da tsoron ya yi aiki shekara tamanin, tsari ne da dole ya yi aiki kowace rana ba kuskure, kuma mun ga sau nawa mutum ɗaya ne ya tsaya tsakaninmu da kuskuren. Ta fuskar halacci kuwa ban ga mafita gare shi ba. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham sananniya ce: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gari. Dokar yaƙi ta duniya ma a kan rarrabe soja da farar hula aka gina ta. Makamin da ke bin ɗan tayi cikin mahaifa ba zai iya cika wannan sharaɗi ba. Kotun Duniya ta ce a 1996 amfani da shi ya saɓa wa dokokin jinƙai a galibi, sai dai ta kasa yanke hukunci kan halin da ƙasa ke gab da shafewa. Alƙalan sun rabu bakwai da bakwai, shugaban kotun, Mohammed Bedjaoui, ɗan Aljeriya, shi ya raba gardamar.

Afirka ta riga ta faɗi matsayinta. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta kwance su da kanta kafin ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman a 1991. Yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 ta haramta su a nahiyar. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka ja ragamar yarjejeniyar haramta su baki ɗaya, wadda ƙasashe 122 suka amince da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ta kuma tabbatar da ita ranar 6 ga Agusta 2020. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin ƙasashe taran da ta shiga. Makaman sun ragu daga kimanin 70,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma raguwar ta kusa tsayawa. Yarjejeniyar da ta hana makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, Rasha ta janye amincewarta da ta hana gwaji a 2023, Sin ta ƙara nata zuwa kimanin 600, kuma akwai kusan 2,000, galibi na Amurka da Rasha, da ke ɗane a shirye don harbawa cikin mintuna.